Tumbin 'Yar Fari

Shekara talatin da wani abu na yi ina wankin kayan ciki a Mahjar, wata unguwa a Jidda. Mahauta su yanka su feɗe, a turo mana sauran a manyan robobi, ni da wata Bahaushiyar Sudan da muka tsufa a bakin famfo ɗaya. Ita tana wanke na kamuniya, dafuwar kayan ciki irin ta mutanensu, ni ina wanke na masu farfesu. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta a bango wuce shi zan yi. Amma a rufe min ido a miƙo min cikin rago, zan faɗi inda kowane abu yake zaune. Huhu da zuciya a sama. Tumbi da hanji da hanta a ƙasa. Tsakaninsu akwai wani tantani mai nama-nama, shimfiɗe kamar rufin ɗaki, da 'yar ƙofa guda inda hanyar abinci ke bi ta sauka. Duk ragunan da suka bi ta hannuna ban taɓa ganin wanda tumbinsa ya haura sama ya zauna kusa da huhu ba. Dabba ba ta yin haka. Sai ɗan Adam, shi ma sai da ya sami likita, ya kuma sami uwa irina.

Wadda abin ya faru da ita 'yata ce ta fari. Da ita a bayana na sauka Jidda, shekarar da muka zo aikin hajji da mahaifinta muka ƙi komawa. A garinmu 'yar fari ba ta uwa ba ce. Ana yaye ta kaka za ta ɗauke. Uwa ba ta kama sunanta, ba ta yi mata wasa, ba ta tambayar lafiyarta, don kada a ce ba ta da kunya. Nan kuwa babu kakar da zan miƙa wa, dole na raine ta da kaina. Amma kunyar na riƙe ta gam, domin cikin kayan da na taho da su daga gida ita kaɗai ce gumin Jidda bai ci ba. "Waccan" nake ce mata. In tana zaune a gabana ina son ruwa, sai in gaya wa bango cewa akwai masu ƙafa a ɗakin nan. Ita kuma Hajiya take ce min, kamar wata maƙwabciya. A haka ta girma, ta yi aure, ta haifi uku, ta koma unguwar Bagdadiyya, nan cikin Jidda, da mijinta.

Autata kuwa a nan aka haife ta, bayan shekaru masu yawa. Rabin maganarta Hausa rabi Larabci, kuma duka biyun ba ta san inda ake tsayawa ba. Ita ce 'yar aike tsakanina da yayarta. In ina da magana in ba ta, ta kai, ta dawo da amsa, ta ƙara nata a hanya.

Waccan jikin dangin ubanta ta ɗauko, mata ne masu cika ƙofa. A gida da an ce miji ya iya kiwo. To, sai Jidda ta sake shawara. Tana aiki a wani shagon gyaran amare, inda mata ke wuni suna tauna ganyen salak suna auna ƙugun juna da ido. Mijinta kuma, mai lura da wani sito a unguwar masana'antu ta Jidda, siriri ne, in ya juya gefe sai ka neme shi. Shi ne ya fara sauke numfashi duk lokacin da take hawa bene, kamar a kansa take hawa. Ba zan yi ƙarya ba, gwiwa tana damun ta, kuma an ce sukari ya fara leƙowa. Wannan ma daga bakin auta na ji.

Abin da na fara lura da shi, awarwaro. Zinare shida take sawa a hannun hagu tun aurenta, wata Juma'a ta zo gaisuwa hannu fayau. Sai aka yi Juma'a biyu ba ta zo ba. Surukina ya tsuguna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce sun je ziyara Madina. Na dubi hannunsa. Mutum ya je Madina ya dawo, ko dabino guda bai riƙo wa surukarsa ba. Na ce Allah ya karɓi ziyara.

Daga nan ta fara zubewa. Wata uku, abayarta ta zama tanti. Wata shida, matan layinmu suka fara tare ta a hanya suna tambayar sirrin, ita kuma ta ce rijim ne, wato ƙa'idar cin abinci, da ruwan ɗumi da lemun tsami da safe. Sai ga lemun tsami ya yi wuya a Mahjar. Mata manya, masu jikoki, suka duƙufa shan tsami suna yamutsa fuska, har haƙoransu suka mutu, ba wadda ta rage ko nauyin ɗankwali. Ina kallon su ina wankin hanjina. Na san ruwan lemo ba ya cinye mutum haka. Amma sanin abin da ba shi ba ne daban, sanin abin da shi ne daban, kuma hanyar sani ɗaya ce, in buɗe baki in tambaye ta. Wannan kuwa ba a yi.

Wata rana tana alwala a tsakar gidana, ta ɗage riga za ta gyara zane, na ga cikin ta gefen ido. Fata ce ta sauko ta kwanta a kan cinya kamar buhun da aka juye. Wannan kam na san maganinsa. Duk macen da ta haihu a layinmu ni nake ɗaure mata ciki. Ina da wani zane saƙi mai kauri a ƙasan akwati, wanda uwata ta ɗaure ni da shi lokacin da na haifi ita waccan ɗin. Na ciro shi, na kira auta, na ce a kai Bagdadiyya a ba masu buƙata. A naɗa daga ƙugu zuwa ƙasan haƙarƙari, a ja har sai yatsa ya kasa shiga. Daga safe har dare. In an ci abinci a ƙara tamkewa, kada abincin ya sami wurin baza ciki.

Auta ta riƙe zanen ta tsaya. Ta ce, "Umma, bas, amma ai..." Na ɗago na dube ta, ta haɗiye sauran. Tun tana ƙarama ban taɓa yin nasarar rufe bakin yarinyar nan ba sai ranar, ranar da ya kamata in bar shi a buɗe.

Daga baya na ji cewa da zanen ya isa, waccan ta rungume shi ta yi ta kuka. Wai tun da take, ban taɓa aika mata wani abu da ya nuna ina kallon jikinta ba. Mace mai 'ya'ya uku, kuka a kan tsumma. Ta naɗa shi kuwa yadda aka ce, har ta fi yadda aka ce. Likitanta bai san da shi ba, don duk ranar da za ta je ganin sa sai ta kwance ta bar shi a gida, kamar mai ɓoye laya.

Cikin ya lafe, na ji daɗi. Sai wasu abubuwa suka biyo baya. Gyatsa ba dalili. Tari ƙasa-ƙasa, na wanda wani abu ke yi wa susa a maƙoshi. Da safe murya a dishe. Wata kwalbar farin magani a jaka, tana juya baya tana kurɓa, a zatonta ban gani ba. Auta ta ce a gida filo uku take tarawa, a zaune take barci. Sannan babban: ta daina sujada. In lokacin salla ya yi sai ta jawo kujerar roba ta zauna, ta riƙa sunkuyar da kai kaɗan-kaɗan, kamar tsofaffin da ake turawa a keke wajen ɗawafi. Sau ɗaya na ga ta gwada kai goshi ƙasa, ta ɗago da sauri hannu a baki, idanu jajur.

Abokiyar aikina ma ta gani. Muna bakin famfo ta ce min 'yarki ba ta da lafiya, ki zaunar da ita ki tambaye ta. Na ce a wajenmu ba a tambayar 'yar fari.

Ta ce, "A wajenku ma ai ana mutuwa, ya Hajja."

Na ce ta kula da kamuniyarta, ta bar ƙasa a cikin hanji.

Ni a nawa lissafin yunwa ce. Mutum ya hana cikinsa abinci, dole iska ta cika wurin ta riƙa tasowa. Don haka na shiga aika farfesu Bagdadiyya, mai barkono sosai yadda zai buɗe ciki, da kunun kanwa a kula. Da saƙo kuma: a ƙara jan zane.

Kashegarin Sallar layya abin ya fashe. Ranar aikinmu ce mafi yawa, robobi har bakin ƙofa. Da hantsi ta zo gaisuwar Salla ita kaɗai, mijin yana sito, wai ba a ba shi hutu ba. Ta zauna a tabarma can gefe, na sa auta ta ajiye mata farfesu da gurasa. Ina tsugune na ba ta rabin baya, amma ta san wane rabin ne ke gani. Ta ci cokali ɗaya, biyu, ta yi ta tauna kamar mai tauna igiya. A na huɗu ta tsaya. Ta dafe tsakiyar ƙirji. Ta yunƙura za ta yi amai, babu abin da ya fito sai kumfa. Ta sake yunƙurawa. Gumi ya keto mata, numfashi ya koma guntu-guntu.

Na gaya wa robar da ke gabana cewa masu shaƙewa su sha ruwa. Ta sha, ruwan ya dawo yadda ya shiga.

Nan auta ta tashi tsaye.

"Umma, halas, ya isa haka. Ba rijim ba ne. An yanke mata tumbi."

Na ce an yanke mata me.

Ta ce tiyata ce, takmim suke ce mata. An yanke yawancin tumbin an fitar, an ɗinke ɗan sauran ya zama siriri kamar hannun riga. Madinar da aka je ke nan, nan kuma awarwaron suka tafi. Mijin ne ya rantsar da kowa kada a gaya min, wai zan ce an taɓa halittar Allah. Da kuwa na faɗa, a nan bai yi ƙarya ba.

Akwai tumbin rago a hannuna lokacin, na ajiye shi. Ban buƙaci kowa ya yi min bayani ba. Kullum ina tura hanji ta cikin zoben yatsuna ina matse shi, na san abin da siririn abu mai santsi yake yi in akwai ƙofa a samansa kuma ana matsa shi daga ƙasa. Tumbi cikakke ba zai bi ta ƙofar nan ba ko an roƙe shi. Amma hannun riga?

Na ɗauki wuƙar aikina, na ɗauraye, na je na durƙusa a gabanta. Rabon da in taɓa jikinta tun tana 'yar shekara bakwai, da ƙyanda ta kama ta. Na ɗage rigar. Zanen ya nutse cikin nama, ƙullin ya ƙi yatsa, dole na zura wuƙa ta gefe na yanke shi. A ƙarƙashi fata ta yi shati baƙi, ga kuma 'yan tabo guda biyar, ƙanana, a warwatse.

Da ƙyar ta ce, "Hajiya, zanenki."

Na ce ta rufe min baki. Ita ce magana ta farko da na yi mata kai tsaye ba ta hannun bango ba, kuma abin da na samu na faɗa ke nan.

Yanke zanen bai sauko da komai ba. Auta ta tsayar da tasi, muka kama ta muka sa a ciki. Sai da muka isa asibitin da aka yi mata aikin muka tuna jakarta na kan tabarma, da iƙama, wato takardar izinin zama, da katin asibiti duk a ciki. Aka zaunar da ita a keken marasa lafiya, roba a cinya. Auta ta fita waje tana kiran mijin a waya, tana kuka da harshe biyu. Aka bar ni ni kaɗai a gaban wata taga mai gilashi, ni da na yi rabin rayuwata ina canza hanya in na hango inda ake tambayar takarda.

Mutumin da ke bayan gilashin, wani mai furfura a gemu, bai ko ɗago ba. Ya ce sunan mara lafiya, zai nemo fayil ɗinta a na'ura. Na ce da ɗan Larabcina 'yata ce. Ya ce duk wadda ke ɗakin nan 'yar wani ce, suna yake so. Na waiga neman auta, tana can bayan ƙofa. Na waiga wajen mai sunan, ba ta da numfashin da za ta ba kowa. Mutane sun fara taruwa a bayana, wani yana cewa yalla, ya Hajja.

Na faɗa. Ya fito a shaƙe, kamar abin da ya daɗe a ƙasan akwati. Ya ce bai ji ba. Na sake. Ya nuna min 'yan hujojin da ke jikin gilashin, ya ce in sa baki a nan in ɗaga murya. Na ukun har mai gadin ƙofa ya juyo. Sunan da na ɓoye kusan shekara arba'in, a tagar asibiti na yi shelarsa kamar mai tallan awara, don wani mai gemu ya danna maɓalli.

Suka zura mata roba ta hanci suka zuƙe abin da ya taru, ta sami numfashi. Kashegari likita ya kira mu ya manna hoto a jikin fitila. Surukina ya zo, ya tsaya a gaba yana gyaɗa kai tun kafin a fara magana, a juye ma da an manna hoton haka zai gyaɗa. Ni kuwa na gani. Ga rufin ɗakin, ga ƙofar, ga hannun rigar ya haura fiye da rabi ya lanƙwashe a bayan zuciya, ya yi zamansa kamar an ba shi haya.

Likitan yana faɗa auta tana juya min. Ya ce yakan faru ga wasu bayan irin wannan aiki. Ƙofar dama ta ɗan saki, kitsen da ke toshe gefenta ya narke, tumbin kuma ya zama siriri, sai ya riƙa zamewa sama a hankali. Shi ya sa in ta sunkuya komai ke dawowa. Sannan ya tambayi shatin da ya gani a cikinta, na mene ne.

Auta ta dubi silin. Na ce ta gaya masa ɗaurin jego ne, kuma ni na aika da shi. Na ce ta tambaye shi ko zanen ne ya jawo.

Ya ce ba zai ce shi kaɗai ba ne, mai yiwuwa ko babu shi abin ya faru. Amma wanda ke kan tsani, in aka turo shi daga ƙasa, ya fi saurin hawa. Ya ƙara da cewa barkono da cin dole ba su taimaka ba.

Na ga fuskar surukina ta washe. Ya sami wanda za su raba kayan da shi, har kafaɗarsa ta miƙe. A al'ada ba na yi masa doguwar magana, amma tunda na riga na zubar da kunya ɗaya a taga, ta biyun ba ta yi min nauyi ba. Na ce masa har yanzu ina jiran dabinon Madina. Kafaɗar ta koma inda take.

Na ce auta ta tambayi likita, in sun jawo shi ƙasa, za su tsuke ƙofar da ɗinki su kuma kama shi da wani abu, ko za su bar shi ya sake hawa. Ya cire tabarau ya dube ni, ya tambayi auta ko na taɓa aiki a asibiti. Ta ce a'a, a kwata. Bai yi dariya ba, na ba shi wannan. Ya ce abin da za su yi ke nan.

Suka yi. Ta ƙara tabo a kan na da. Da aka sallame ta na naɗe tabarmata na tare a Bagdadiyya, abin da uwar 'yar fari ba ta yi. Surukina ya koma cin abinci a matakalar bene don kada mu haɗa ido yana tauna, ban hana shi ba. Sati uku ina ba ta romo tsararo da ƙaramin cokali, ba barkono, ba kanwa. In ta haɗiya in tsaya in ji ya sauka, sannan in tambaye ta, ita, a fuskarta: ya wuce ko ya tsaya? Da zafi? Ina?

Wata rana da rana tana jingine, na miƙa cokali, ta ƙi buɗe baki. Ta ce, "Ashe kin san shi."

Na ce me.

"Sunana. Na ɗauka kin manta."

Na ce ina ɗakin lokacin da aka raɗa shi, kuma ta buɗe baki romo na hucewa. Ta ce sau uku ta ƙirga. Na ce kurma aka sa a tagar, ba don ita na yi ba.

Labari ya riga ni komawa Mahjar. Matan lemun tsami suka ji haushin watannin da suka yi suna yamutsa fuska a banza, suka huce a kaina. Wai Hajiya ta tsufa ta zubar da kunya, tana kiran 'yar fari gatsau kamar Balarabiya. Biyu daga cikinsu kuma suka bi ta bayan gida suna tambayar auta sunan likitan. Abokiyar aikina kuwa ta matsa min wuri a bakin famfo, ta yi ta murmushi cikin robarta har na ce ta faɗi abin da ke bakinta ko ta haɗiye. Zanen kuwa na yayyanka shi, da shi muke goge robobi. Masu jego har yanzu suna aiko a zo a ɗaure su, ina zuwa. Sai dai kafin in naɗa ina ɗage riga in duba da idona, in kuma tambaya ko akwai Madinar da aka je ba a gaya min ba.

Bayan wata biyu ta zo gaisuwar Juma'a. La'asar ta yi, na ga ta wuce kujerar roba ta shimfiɗa darduma. Ina zaune ina tsince shinkafa, na ajiye tiren, na juyo gaba ɗaya, ba gefen ido ba. Ta yi ruku'u, ta ɗago, ta tafi ƙasa. Goshi ya taɓa. Na ƙirga tasbihi uku, biyar, goma, ina jiran hannu ya tafi baki. Bai tafi ba. Ta yi zamanta a sujadar nan kamar mai biyan ta wata takwas a zama ɗaya.

Da ta sallame na kira sunanta, na ce Allah ya karɓa, amma nan gaba ta rage tsawon sujada, likita bai ce a gwada ƙarfin ɗinkinsa ba. Ta ce da bango nake yi wa magana ta fi samun sauƙi. Na ce ta zo ta ɗauki tiren nan ta ƙarasa tsintar, idona ya gaji.